Jitar Farko: Yadda Ake Zaɓar wa Yaro Mai Araha da Yadda Ake Sake Mata Tsirkiya

 

An ce in yi magana a kan yadda uba ko uwa za su saya wa yaro jita mai sauƙin kuɗi, da yadda ake sake mata tsirkiya idan ta tsufa ko ta tsinke. Na san ba za a rasa wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kiɗa ba a ɗakin nan. Wannan magana ce ta malamai da masu gida, kuma ba ita aka kira ni in yi ba. Ni da waɗanda suka riga suka yanke shawara nake: yaro ya dame ku, kun amince, abin da ya rage shi ne kada kuɗin ya tafi a banza.

Ga abin da na zo da shi a taƙaice. Yawancin yaran da ke jingine jita bayan wata ɗaya, a ce da su ba su da naci, jitar ce ta kore su. An saya musu wadda ta fi ƙarfin hannunsu, ko wadda tsirkiyarta ta yi nisa da wuya, sai yaro ya danna da iya ƙarfinsa, yatsa ya yi zafi, sautin kuma ya ƙi fita. Babba ma ba zai jure wannan ba. Don haka ranar saye, hannun yaron ne alƙali. Launi, da sunan kamfani, da ƙarar da mai shago zai kaɗa muku, duk suna biyo baya.

Jitar da ba ta buƙatar lantarki iri biyu ce, kuma rashin bambance su ya kashe jitoci da yawa a gidajenmu. Ta farko ita ce mai tsirkiyar nailan. Siffarta ta yau ta fito ne daga hannun wani kafinta ɗan Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. A zamaninsa da hanjin dabba ake yin tsirkiya. Sai a shekarun 1940, lokacin da yaƙin duniya ya sa hanjin ya yi wuyar samu, wani maƙerin jita a New York mai suna Albert Augustine ya haɗa kai da shahararren makaɗin nan Andrés Segovia suka mayar da nailan tsirkiya. Ta biyu ita ce mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ta girma a Amurka. Babbar nan mai faɗin ƙugu da ta cika shagunanmu, kamfanin Martin ne ya fara ƙera irinta a 1916, kuma an yi ta ne don ta yi ƙara a cikin taro, a hannun ƙato.

Bambancin da ya shafe mu shi ne ja. Tsirkiyoyin nailan shida, idan aka ɗaure su daidai, jan da suke yi wa jita bai cika wuce nauyin kilo 40 ba. Na ƙarfe masu lamba 12, waɗanda yawancin sababbin jitoci ke zuwa da su, sun haura kilo 70. Shi ya sa ake yi wa mai ƙarfe haƙarƙari masu ƙarfi daga ciki, a kuma binne mata sandar ƙarfe a cikin wuya. Mai nailan ba a gina ta don wannan nauyi ba. Wanda duk ya ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe don ta ƙara amo, zai ji daɗin amon na ɗan lokaci, daga nan wuya ya lanƙwashe, fuska ta kumbura, wata rana jakin, wato katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi a fuskar jitar, ya ɓalle gaba ɗaya. Idan kun manta duk abin da na faɗa yau, ku riƙe wannan. Kuma kada ku yarda da mai shagon da zai ce muku duk ɗaya ne.

To wacce za a saya wa yaro? Idan bai kai shekara goma ba, ni nailan nake zaɓa masa ba tare da dogon tunani ba, saboda taushinta a yatsa. Aibinta ɗaya: wuyanta na da faɗi, milimita 52 a cikakkiya, alhali mai ƙarfe tana wajen 43. Amma ƙananan da ake yi don yara an rage musu faɗin. Idan kuwa saurayi ne ɗan sha uku ko sha huɗu wanda kiɗan Agadas ya shiga ransa, yana kwana yana sauraron Bombino ko Mdou Moctar, to wannan kaifin sauti na ƙarfe yake nema, kuma in ka ba shi nailan ransa ba zai so ta ba. A saya masa mai ƙarfe, a sauke mata tsirkiya zuwa lamba 10, wadda janta ke wajen kilo 60. Abin da yaro ke sha'awar ji yana da nasa muhimmanci, domin shi zai sa ya ɗauko jitar ba tare da an aike shi ba.

Sai girma. Mun saba idan za a ɗinka wa yaro rigar Sallah a ce wa tela ya sake ta, don ya girma a ciki. Wannan dabara tana aiki a riga, a jita kuwa ɓarna ce. Tsawon tsirkiyar cikakkiyar jita, daga kai zuwa jaki, milimita 650 ne ko kusa da haka. Akwai mai kashi uku cikin huɗu, wajen 580, akwai kuma rabi, wajen 530. A bisa kintace, rabi ta dace da ɗan shekara biyar zuwa takwas, mai uku cikin huɗu daga takwas zuwa sha ɗaya ko sha biyu, cikakkiya daga nan zuwa sama. Amma yara ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ku tafi da shi kasuwa. Ya zauna a kujera, a ɗora masa jitar a cinya. Idan ya kai hannu gaɓar farko ta wuyan jitar gwiwar hannunsa tana lanƙwashe, kafaɗarsa ta dama kuma ba ta ɗaga sama ba don ta tsallake cikin jitar, ta yi masa. Idan sai ya miƙe hannu sambal, a ajiye ta. Ƙannensa na nan tafe, ƙaramar ba za ta rasa mai gado ba.

Ana cewa araha ba ta ado. A wannan fage ina da ja. Jita mai tsada ana yin fuskarta da tsagin katako guda, siriri, kuma shi ke ba ta zaƙin sauti. Mai araha kuwa da filawud ake yin ta, wato siraran katako da aka manne a gicciye. Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Ku tuna hunturunmu, a Kano ko Damagaram ko Sakkwato, lokacin da laima ke faɗowa ƙasa da kashi 20, leɓe na tsagewa, ƙofar katako na sakin jiki. Tsagin katako guda yana tsukewa a irin wannan iska har ya dare. Filawud, saboda gicciyen nan, yana jurewa. Ga yaro kuma zai buga ta da bango, ƙaninsa zai zauna a kai. Saboda haka a ƙasarmu, jitar farko ta filawud ita ce zaɓin mai hankali ko da kuɗin na nan.

Sai dai araha ma hawa-hawa ce. Akwai abin da ake sayarwa a shagon kayan wasan yara, mai fenti ja ko shuɗi da hoton zane a jiki, wanda siffar jita kawai gare shi. Ba ya riƙe saiti, gaɓoɓinsa ba a kan lissafi suke ba, yaro zai danna daidai ya ji ba daidai ba, kunnensa ya lalace tun daga farko. Wannan ko kyauta aka ba ku, ku rataye a bango. Ku je inda ake sayar da kayan kiɗa na gaske, irin shagunan Sabon Gari a Kano, inda majami'u da ƙungiyoyin kiɗa ke sayayya. Idan ana son suna, Yamaha na da C40 mai nailan, da ƙanwarta CS40 mai uku cikin huɗu, da F310 mai ƙarfe, kuma malaman kiɗa a ƙasashe da dama da su suke fara ɗalibai. Amma jabu ya yi yawa, kuma rubutun da ke kan jita fenti ne. Gwajin da zan faɗa yanzu ya fi rubutun gaskiya, kuma shi ne zai raba ku da asara idan ta hannu za ku saya.

Gwajin farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen gaɓa. A saita jitar tukuna, don sakakkiyar tsirkiya tana ɓoye aibi. Sai a ƙirga zuwa ƙarfe na 12, wanda shi ne tsakiyar tsirkiya daidai. A jita mai ƙarfe, tazarar da ke ƙarƙashin tsirkiya mafi kauri ta zama wajen milimita 2 da rabi, ta mafi siriri wajen 2. A mai nailan an fi ɗagawa, 4 da 3. Ba sai kun je da ma'auni ba. Katin banki, a gefensa marar tudun rubutu, kaurinsa milimita 0.76 ne. Uku a haɗe sun ba ka 2 da ɗan ɗori, biyar sun kusa 4. Idan ka zura kati uku a ƙarƙashin babbar tsirkiyar mai ƙarfe suka shiga da ɗan gogawa, madalla. Idan biyar suka shige har da sauran fili, wannan jitar za ta ci yatsun yaro.

Tazara mai yawa ba kullum ce ke nufin a gudu ba, kuma a nan ake gane wanda ya san kan abin. Ku dubi ɗan farin ƙashin nan da ke zaune a kan jaki, wanda tsirkiyoyi ke hayewa. Idan ya yi tsayi sosai a waje, akwai gyara: a zare shi, a goge gindinsa a kan samfefa da aka shimfiɗa a wuri mai santsi marar tudu, kamar gilashi. Lissafinsa shi ne, in kana so ka rage milimita 1 a gaɓa ta 12, sai ka cire milimita 2 daga ƙashin, tunda ita rabin hanya ce. A riƙa gogewa kaɗan-kaɗan ana gwadawa, don abin da aka goge ba ya dawowa. Amma idan ƙashin ya riga ya nutse, da kyar ake ganinsa, tazarar kuma tana nan da yawa, to wuyan ne ya sunkuyo daga inda ya haɗu da ciki. Gyaran wannan ya fi kuɗin jitar. Komai kyanta, komai rangwamen da aka yi muku, ku bar ta.

Daga nan a duba miƙewar wuya. Ka danne babbar tsirkiya a gaɓar farko da hannu ɗaya, da ɗayan kuma a inda wuya ya shiga ciki, sannan ka dubi tsakiya, wajen ƙarfe na bakwai. Ya kamata a ga ɗan fili siriri, kaurin takarda biyu. Idan filin ya yi yawa, wuya ya yi baka. Idan babu ko kaɗan, tsirkiya za ta riƙa zizar ƙarfe. A mai ƙarfe ana gyara wannan da alanki, ta sandar nan da ke cikin wuya, ana juyawa rubu'i-rubu'i. Wannan aikin babba ne. Kada a bar wa yaro alankin, don juyi ɗaya na ganganci yana iya karya sandar.

Sauran gwaje-gwajen ba su da wuya. Ka ɗauki takarda ka gwada zura ta ƙarƙashin jaki ta baya, idan ta shiga, gam ya fara saki. Ka shafa gefen wuya da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, idan bakin ƙarafan na kartar ka, zai yanki yaro, ko da yake wannan ana iya goge shi da zarto mai laushi. Ka juya kunnuwan ɗaure tsirkiya shida ɗaya bayan ɗaya, ka ji ko akwai mai juyawa a banza. Ka ƙwanƙwasa fuskar da gaɓar yatsa a wurare daban-daban, idan ka ji kakkarwa daga ciki, wani haƙarƙari ya saki. Sannan ka sa wanda ya iya ya danna kowace gaɓa a kowace tsirkiya, ana sauraron ziza. Na ƙarshe, a kaɗa tsirkiya a sake, a kuma danne ta a gaɓa ta 12. Sautin biyu ya zama ɗaya ne, na biyun dai ya fi siriri. Manhajar saiti ta waya, irin su GuitarTuna, za ta nuna maka harafi ɗaya a duka biyun, allurarta a tsakiya ko dab da ita. Idan ta karkace sosai, jakin ba a mazauninsa aka manna shi ba, kuma wannan jitar ba za ta taɓa faɗin gaskiya ba.

Mai shago zai gaji da ku. Ku bar shi ya gaji. Kuma kada ku ƙarar da kuɗin duka a kan jitar, ku rage na tsirkiya saiti biyu da jaka, da ɗan abin da za a ba mai gyara.

Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa da tambayar bahago, bari in amsa a nan don kowa ya ji. Mu dai mun saba kwaɓar hannun hagu a wajen cin abinci da karɓar kaya, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau a wurinta. Jita kuwa hannu biyu take ci, kuma bahagwai sun yi suna a kanta. Jimi Hendrix bahago ne, Mdou Moctar ma haka. A miƙa wa yaron jitar ba tare da an ce masa komai ba, a ga yadda zai rungume ta. Idan ya juya ta, kuma bayan kwanaki ya ci gaba da juyawa, a sake jera masa tsirkiyoyin. A mai nailan wannan na da sauƙi, sai dai a faɗaɗa ramukan ƙashin da ke can sama wajen kai. A mai ƙarfe akwai ƙarin aiki, don ƙashin jakinta a karkace yake da gangan, gara a nemi wadda aka ƙera don bahago.

Yanzu tsirkiya. Wadda jita mai araha ke zuwa da ita galibi ta daɗe a kwali da sito, ta sha laimar teku kafin ta iso Legas ko Kwatano, don haka ni ina sauya ta tun ranar farko. Bayan haka, alamun tsufa a fili suke: launi ya dushe ko ya yi baƙi, yatsa na jin ƙaiƙayin tsatsa, sauti ya mutu, saiti ya ƙi zama. Ga yaron da ke kaɗawa kullum, wata uku zuwa huɗu ya isa. Lambar da ake kira a shago kaurin mafi siririyar ce, lamba 10 tana nufin kashi 10 cikin dubu na inci, wato rubu'in milimita. Ku buɗe fakitin a gaban mai shago. In kun ga ɗigon tsatsa, ku mayar. Kamfanin D'Addario, wanda ya fito da tsirkiyar tagulla mai jure tsatsa a 1974, yana sa wa ƙwallon kowace tsirkiya launinta daban, yana kuma buga lamba a ledar ciki da ake tantancewa a intanet, saboda yawan masu kwaikwayonsa.

Kayan aiki kaɗan ne: filaya mai yanka, tsumma mai tsabta, fensir, da tabarma ko bargo da za a kwantar da jitar. Ga mai koyo, ɗaya bayan ɗaya ake sauyawa. Cire su duka ba ya cutar da wuya, amma idan sauran biyar na nan, yaro na da abin dubawa ya ga yadda aka naɗa, kuma farin ƙashin ba zai faɗo ya ɓata ko a mayar da shi a juye ba.

A mai ƙarfe, a fara sassauta kunne har tsirkiya ta yi laƙwas. Ba a yanke tsirkiya tana ɗaure, don tana iya zabura ta sami ido. Sai a zare ɗan turken da ke riƙe da ita a jaki. In ya ƙi, a zura hannu ta ramin jitar a turo shi daga ciki da wani abu mai tauri, maimakon a ɓanɓare shi da wuƙa a ɓata katako. Sabuwar tana da ɗan ƙwallo a ƙarshe. A ɗan lanƙwasa ta kusa da ƙwallon, a zura a ramin, a bi ta da turken, tsagin jikinsa na fuskantar wuya. Ga inda mutane da yawa ke kuskure: turken ba shi ke danne ƙwallon ba. Ƙwallon yana maƙalewa ne a katakon da ke ƙarƙashin fuska, turken tokare shi kawai yake yi daga gefe. Don haka kana danna turke da babban yatsa, kana jan tsirkiyar sama a hankali har ka ji ta zauna. Idan ƙwallon ya tsaya a kan bakin turken, da ka fara ɗaurewa turken zai yi tsalle ya fice.

A can kai, a bi da tsirkiyar ta ramin ƙashi, a zura ta a hudar sandar kunne, a bar mata sakin kamar santimita 5. A lanƙwasa abin da ya fito, a fara juyawa, kowane zagaye yana sauka ƙarƙashin na gabansa, ba tare da sun hau juna ba. Masu kauri zagaye biyu zuwa uku, sirara huɗu zuwa biyar. Kowace tsirkiya ta bi ta cikin sandarta, wato ta ɓangaren tsakiyar kai. Kafin ta ɗaure, a goga bakin fensir a ramin ƙashin, yana sa ta zame lafiya. Bayan an gama a yanke saura da filaya dab da sanda. Na sha ganin samari na barin waɗannan wayoyi suna reto wai ado ne. A gidan da ke da masu rarrafe, wannan allura ce shida a tsaye.

Mai nailan ba ta da turke, ɗauri ake yi. A zura tsirkiya a hudar jaki daga ɓangaren rami ta fito ta baya, kamar santimita 7. A dawo da wutsiyar ta sama, a zagaya ta ƙarƙashin uwar tsirkiyar, sannan a murɗa ta a jikin kanta, sau ɗaya ko biyu ga masu kauri uku, sau uku ga sirara saboda santsinsu. Murɗin ƙarshe dole ya kwanta a bayan jakin, a ƙasan kusurwa, don nan ne yake cizo. Idan ya tsaya a sama, zai zame, kuma nailan in ya zame yana tsala wa fuskar jita bulala ya bar tabo. Masu hankali na ɗan kusantar da bakin siraran ga ashana ya dunƙule kafin su ɗaura, su kuma ajiye ɗan kwali a bayan jakin. Wasu masu kaurin suna da gefe ɗaya mai laushi, inda naɗin ya yi sako-sako. Wannan gefen ba ya zuwa jaki.

Saiti, daga mafi kauri zuwa mafi siriri, shi ne E, A, D, G, B, E. A hau a hankali, fuska a gefe. Manhajar waya harafi take nunawa, kuma harafi ɗaya yana dawowa a sama, don haka yaro na iya wuce wurin bai sani ba ya ci gaba da ɗaurewa yana neman harafin a hawa na gaba, har tsirkiya ta tsinke. Maganinsa a riƙa kwatanta taurinta da na maƙwabciyarta. Idan ta kai, a ɗan ja ta sama da yatsa a wurare uku, za ta sauka, a sake saitawa, har ta daina sauka. Ƙarfe na zama a yini ɗaya. Nailan kuwa yakan yi kusan mako yana miƙewa, kullum da safe ka tarar ya sauka. Ku gaya wa yaro tun da wuri, kada ya ɗauka jitarsa ta lalace.

Ina so yaron ne zai yi wannan aiki da hannunsa tun daga sauyi na biyu, babba na zaune a gefe. Makaɗanmu ba su saba da wani mai gyara dabam ba. Mai gurmi da mai garaya da mai goge, kowa shi ke ɗaura tsirkiyarsa, shi ke gyara zaman jakinsa. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, Mdou Moctar ma da wayar keke ya fara. Fatou Seidi Ghali ta Illighadad a jitar yayanta ta koya wa kanta, a ƙauyen da babu shagon kayan kiɗa. Yaron da ya san yadda tsirkiya ke zama, ranar da ta tsinke ba zai jingine jitar wata biyu yana jiran a je birni ba. Sai dai kada wani ya ji wannan ya ɗaura wayar birki a jitar kamfani, janta ba a san iyakarsa ba. In siririyar mai nailan ce ta tsinke a inda babu shago, zaren kamun kifi mai kaurin milimita 0.7 yana riƙe wurin kafin a samu ta gaske. Makaɗan kora a Gambiya da Mali da irin wannan zare suke ɗaure kayansu.

Yatsa zai yi zafi ko da jitar ta dace, wannan babu makawa. Minti goma zuwa sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar, kuma cikin mako uku ko huɗu kan yatsun zai yi kanta, zafin ya wuce. A yanke farcen hannun da ke dannawa. A wanke hannu kafin a ɗauka, musamman bayan cin abu mai mai, a kuma share tsirkiyoyi da tsumma bayan an gama, sama da ƙasa, don gumi ne ke cinye su. Kada a shafa mata man gyaɗa ko kananzir wai don ta yi ƙyalli.

Wurin ajiya kuma, zafi ne babban abokin gaba, domin gam ne ke riƙe da jaki da haƙarƙari, kuma yana laushi in ya sha zafi. Ba a barin ta a mota a rufe, ko a jingine a bangon da rana ke duka, ko a rataye dab da rufin kwano. Ta zauna a jakarta, a ɗaki mafi sanyi. Da hunturu, a sami ƙaramin gidan sabulu na roba, a huda murfin, a sa soso da aka jiƙa aka matse sosai, a ajiye a cikin jakar wajen kai, a riƙa dubawa bayan kwana biyu ko uku. Da damina a cire shi, a maye gurbinsa da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Idan za a yi doguwar tafiya a bar ta, a sassauta kowace tsirkiya juyi ɗaya ko biyu.

Na zo da jitoci biyu, ɗaya mai ƙarfe ɗaya mai nailan, da tsirkiya sababbi, ga su can a kan tebur. Ranka ya daɗe shugaban zama, idan ka ba da izini, ina son yara biyu su fito, mace da namiji, su sauya ta huɗu a kowacce a gaban iyayensu. Masu tambaya kuma su yi ta yi, muna aikin.